Shekarar da Muka Tare wa Aladen Daji Hanya

Ruwan kaka ya sauko mana makon jiya, ƙafata kuwa ta riga kowa sani. Tun kafin hadari ya haɗu tabon da ke sharaɓata ta hagu yake fara tsuka, kamar ana jan zare a cikin naman. Yau Lahadi, da hantsi aka busa ƙaho daga can saman daji, karnuka suka amsa. Autana Sadiq ko ɗaga kai bai yi daga kwanon kununsa ba. Shi a nan aka haife shi, busar ƙahon mafarauta a wurinsa kamar carar zakara ce. Ni kuwa sai da na tashi na taɓa sakatar ƙofa, duk da na san a rufe take. Shekara goma sha wani abu ke nan, hannuna bai daina ba.

Kafin mu zo wannan ƙauye na tsakiyar Faransa, a Gorton muke, gabashin Manchester, cikin jerin gidajen jan bulo da ke manne da juna, in maƙwabci ya yi tari sai ka ce masa sannu. Ni daga ƙauyenmu na wajen Rano na zo bayan aure, karatuna bai wuce firamare ba sai allo. Maigidana, Abban Ummi, akanta ne. Ya daɗe a ƙasar har ya samu fasfonsu, yana aiki a council, wato ƙaramar hukuma. 'Yarmu ta fari sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa muke ce mata Ummi.

Tana shekara biyu aka shiga zamanin da gwamnati ta tsuke bakin jaka. Ban san siyasarsu ba, abin da idona ya gani nake faɗa. Gidan wasan yara da nake kai ta, inda nake ɗan tsintar Turanci a bakin mata, wata safiya na tarar da kwaɗo a ƙofarsa. Ɗakin da samarin unguwa ke buga ƙwallo da dambe shi ma aka rufe, suka dawo kan katangar bakin layi suna zaune, huluna sun rufe musu fuska. Daga nan aka rage ma'aikata, aka haɗa da Abban Ummi. Sanyin shekarar a ɗaki ɗaya muka yi shi. Bango ya yi baƙin fumfuna, ina gogewa yana dawowa. Mukan kunna wutar ɗumama gida da safe kaɗan, mu kashe, in sa wa Ummi riga a kan riga har hannunta ba ya sauka jikinta. Shi kuwa yana zaune da bargo yana kallon wani shiri a talabijin, inda tsofaffin Turawa ke zuwa Faransa suna sayen kangon gida a ƙauye suna gyarawa. Nakan ce masa, mutum ba aiki yana kallon gidajen wasu, ai ƙarin yunwa ne.

Da rani ya shigo aka fara taɓa mu. Wata safiya na buɗe ƙofa na ga an naɗe mariƙinta da yankan naman alade, irin siraran nan da suke soyawa. Na cire da leda, na wanke, ban gaya wa kowa ba sai Abban Ummi. Aka sake. Azumin shekarar ya faɗo tsakiyar dogayen ranaku, rana ba ta faɗuwa sai mutum ya manta ya taɓa yin sahur. Gari kuma ya ɗauki zafi, ana ta fasa shaguna a cikin birni. Wata rana bayan la'asar ina yanka albasa, Ummi tana barci a tabarma ƙarƙashin tagar falo, na ji ƙara kamar an saki tarin faranti. Rabin bulo ne. Ya faɗi tazarar tafin hannu daga kunnenta. Gilashi ya cika mata gashi. Na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna ina tsince shi da matsefi, tana ihu, yatsuna na jini, har aka sha ruwa ban sani ba. Da Abban Ummi ya zaga layin yana tambaya, ba wanda ya ga komai. Layi guda, rana tsaka, taga na kallon taga.

Tun daga ranar abu ɗaya nake nema a duniya, wurin da zan ajiye yarinyar nan in juya baya.

Yayarsa, Yaya Binta, likita ce a Birmingham. Ta ce mu tattara mu koma ɗakin samanta har Allah ya kawo aiki. Shi kuma namiji, ya ƙi. Ya ce abin da aka sallame shi da shi ko ɗakin ajiye mota ba zai saya a unguwar Levenshulme ba, amma a ƙauyen Faransa zai sayi gidan dutse da fili. Lissafin masu shagunan Stockport Road da yake ɗan yi, ai da kwamfuta zai ci gaba, ya riƙa leƙowa duk wata. Ranar da muka je yi mata sallama tana zuba mana shinkafa tana girgiza kai.

“Mutane na sayar da gona su zo Turai, ku kun zo Turai kuna neman gona. Kai da ko fartanya ba ka taɓa riƙewa ba. Faransancin ma na aji uku na sakandare ne a bakinka.”

Ya ce ai yana da manomiya a gida. Ta dube ni ta ce, “Zulai, ke ma kin biye masa?” Na ce Yaya, a can aka ce ba maƙwabci sai wata tsohuwa. Ta ce to ai shi ne abin tsoron.

Mun iso ana ƙarshen zafi. Gidan dutse ne mai kaurin bango, makullinsa ya kai tsawon hannuna. Daji a samansa, fili ya gangara daga tsakar gida har rafi, bayan rafin kuma wani kurmi mai duhu. Ba katanga, ba darni, ba komai. Ka fito daga ɗaki kana cikin duniya. Abin da na fara cewa ke nan, gida ba shinge ai fili ne. Ya ce mu fara da rufi tukuna.

Makonnin farko na ji daɗin da ban taɓa ji ba tun barina gida. Ƙasa baƙa, mai laushi, na tona da hannu na shinshina. Maƙwabciyar, Madam Odet, gajeriyar tsohuwa ce mai takalmin roba, mijinta ya rasu. Ta kawo mana kabewa ta rungumo kamar jariri, ta kama ni ta sumbaci kumatuna biyu, na sandare. Ɗanta Marsel, ƙaton mutum mai jan wuya, ya miƙo min hannu, na ɗora nawa a ƙirji, ya tsaya da hannu a iska yana dubansa. Ita ce ta nuna min wani ɗan itace mai ƙaya da ke zubowa a bakin daji, suna ce masa shaten. In an gasa shi kamar dankalin Hausa yake. Ni da Ummi muka yi ta tsinta a zane.

Sai ruwa ya kafu. Ba irin namu ba ne da zai zo da tsawa ya yi abinsa ya wuce. Wannan yayyafi ne marar zuciya, ya kwana ya wuni, sati ya bi sati. Rufi na yoyo, na jera tukwane da bokitai a ɗakin sama, kowanne da muryarsa. Itacen da muka tarar jiƙaƙƙe ne, murhun ƙarfe ya yi ta hayaƙi, idonmu ja kamar masu kuka. Da asuba in tashi in hura wuta, in ɗora ruwan alwala, in shanya safar Ummi a jikin murhu, in dama kunu. Da hantsi in fasa itace in jingina kusa da wuta don na gobe ya sha iska. Daddawa da kukar da na taho da su suka fara ƙarewa, ina ɗiba da bakin cokali. Nama kuwa babu. Mai yankan halal yana can babban gari, tafiya mai nisa, motarmu kuma ba kullum take yarda ta tashi ba. Wake, ƙwai, kabewa, dankali, mu koma wake. Har mafarkin tsire na yi.

Cikin wannan ruwa aka buɗe farauta. Duk Lahadi sai ka ga motoci a bakin daji, maza da riguna ruwan lemo, bindiga a kafaɗa, karnuka da ƙararrawa a wuya. A busa ƙaho, karnuka su shiga daji su koro aladen daji, maharba suna tsaye suna jira. A garinmu mugun dawa muke ce wa irinsa, sai dai na nan ya fi girma, baƙi ne, gashinsa kamar tsintsiya. Ranar farko da na ji harbi na tura Ummi ƙarƙashin tebur na kwanta a kanta. Abban Ummi ya yi dariya ya ce sha'aninsu ne, ba ruwansu da mu. Amma na ga mutum uku da bindiga suna ratsa ƙasan filinmu ba sallama, kamar gonar ubansu.

Tafiyarsa ta farko Manchester, ya biya ta Birmingham wurin Yaya Binta, ranar Litinin da safe na zare sakata na buɗe ƙofa, wani abu mai nauyi ya bugi itacen. Cinya ce guda, an rataye ta da igiya a ƙusar ƙofar, jini na ɗiga kan dakali. Ba zan ɓoye ba, cikina ne ya riga kaina gani, har yawu ya taru min. Sannan na ga baƙin gashin da kofaton. Na ja da baya. Na ce shi ke nan, sun biyo mu. A Gorton yanka-yanka ne, nan ƙafa guda. Bayan nama kuwa na san abin da ke zuwa.

Waya ba ta kamawa sai a kan tudu. Na goya Ummi na hau cikin ruwa na kira shi. Ya ce in kulle ko'ina, yana tafe jibi. Ina jin muryar Yaya Binta a bayansa tana cewa ai ta faɗa. Da na sauko na ɗauki manjagara na saɓulo cinyar, na riƙe ta nesa da jikina, na kai bakin hanya na wurga cikin kwalbati. Madam Odet tana tsaye a lambunta da kwando, tana kallona. Na dube ta ido cikin ido, don ta gaya wa wanda ya aiko. Na dawo na wanke ƙofar da toka da ƙasa har fentin ya tashi. Daga ranar ba ta sake ɗaga min hannu ba. Mai motar burodi ma da ke tsayawa ƙofarmu ya koma wucewa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ni ban ga tsumma ba a lokacin, maciji na gani.

Da ya dawo na ce ko shinge ko Birmingham. Ya sayo wayar raga irin ta garken tumaki da turaku, muka shiga aiki cikin ruwa. Ni na koya masa haƙa rami, da yadda ake dandaƙe ƙasa a gindin turke da ƙotar gatari. Hannunsa na biro ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi. Ina tsokanarsa ina cewa Yaya ta yi gaskiya, yana cewa in bari ya gama zai rubuta min takardar sallama daga aiki. Ummi tana goye a bayana cikin leda, sai kanta a waje. Muka ja waya ta gefen hanya, muka bi bakin rafi, muka hauro ɗaya gefen har ta zo ta haɗe da bangon rumbun itace a tsakar gida.

A ƙasan filin na ga wata 'yar siririyar hanya da ta fito daga daji ta ratsa ciyawa ta faɗa rafi. Taɓo ya shafu a gindin bishiyoyi daidai gwiwata, ƙasa duk an tone ta kamar an yi huɗa da hanci. Ni 'yar ƙauye ce, na san turbar dabba in na gan ta. Na ce a nan ma za a fi ƙarfafa wayar, a ninka ta biyu.

Muna cikin ninkawa Marsel ya gangaro. Ya yi magana mai tsawo, yana nuna daji, yana nuna rafi, yana kaɗa hannu kamar mai kore kaji. Abban Ummi ya tsinci kalma biyu uku, farauta, hanya, Lahadi. Ya juyo ya ce min wai cewa yake hanyarsu ce. Na ce ka gaya masa saya muka yi. Ya gaya masa, da Faransancinsa na aji uku, har da buga ƙirji. Marsel ya dubi wayar, ya dubi Ummi a bayana, ya hura iska ta leɓe, ya juya. Ranar Asabar waya ta ƙare. Gefe uku sun rufu, saura na sama, wanda ke kallon daji. Muka ce sai Litinin in shago ya buɗe.

Lahadin ta zo da rana, ta farko cikin makonni. Tururi na tashi daga ciyawa. Na kwashe duk wankin da ya taru na shanya, zannuwan gado farare har igiya ta lanƙwasa. Ummi tana zaune a gindin rumbun itace tana jera shaten a kan dutse tana yi musu faɗa da Turancin Gorton. Ni ina fasa itace, taku kaɗan daga ita. Abban Ummi yana can ƙasa yana gyara wani turke da ya karkace. Na ji ƙaho, na ji harbi biyu, amma ranar ban damu ba. Ina da shinge.

Kukan karnuka ya sauya, ya matso. Na ɗaga kai na ga abu baƙi ya fito daga daji a guje ta gefen da ba mu rufe ba, ya miƙe kan turbarsa zuwa rafi. Ya daki wayar da muka ninka, har turaku suka girgiza. Ya faɗi, ya tashi, ya sake duka. Wayar ta riƙe. Aikinmu ya yi kyau. Sai ya juya ya bi jikin shingen yana neman kafa, shingen kuwa ba inda ya nufa sai rumbun itace. Abban Ummi yana ihu yana kiran sunana, yana gudu a taɓo yana zamewa. Mun yi irin tarkon kifi mai shiga ba fita, mun ajiye 'yarmu a ƙarshensa.

Ban san na jefar da gatarin ba. Na dai san na isa kanta na fizge ta da hannu ɗaya, na ji warinsa, wari kamar na tsohon bunsuru da jini. An riga an harbe shi a kafaɗa, kumfa ja na fita bakinsa. Na cilla Ummi saman tarin itace, na juya zan hau, ya same ni. Ba zafi na ji ba, duka na ji kamar an maka min taɓarya, na kife. Na ga sharaɓata a buɗe, fari a ciki kafin jini ya rufe. Ya ja baya ya sunkuyar da kai zai dawo. Ummi tana samana tana kiran Mama, itace na zamewa a ƙarƙashinta.

Wata 'yar karya fara mai jan kunne ce ta riga sauran isowa. Ba ta kai rabin rabinsa ba. Ta daka tsalle ta kama kunnensa ta rataye. Ya yi ta juyi da ita, ya shiga cikin shanyata, igiya ta tsinke, zannuwa suka naɗe su. Ya ɗaga kai sau ɗaya, haurensa ya shige cikinta, na ji ƙarar yagewa kamar ta sabon yadi. Ba ta saki ba. Sauran karnuka suka iso suka rufe shi. Sai ga Marsel ya tsallako, ya ɗaga bindiga, ya ga yarinya a saman itace, ya ga ni a ƙasa, ya yar da bindigar. Ya zaro doguwar wuƙa ya shiga tsakiyarsu da gwiwa, ya danna ta bayan haƙarƙari har ƙota. Aladen ya yi wani kuka da har yau ban ji irinsa ba, ya yi ta shure-shure yana feshin jini a kan zannuwan gadona, sannan ya lafa.

Karyar tana kwance a gefe, hanjinta a kan ciyawa, tana kallon ubangidanta tana kaɗa wutsiya. Marsel ya dube ta, ya kira sunanta, muryarsa ta karye. Amma ni ya nufo. Ya zare bel ɗinsa ya ɗaure min cinya, ya ja har na yi ƙara, ya danne ciwon da tafinsa mai jinin alade. Ni da ban ba shi hannu ba. Abban Ummi ya iso ya sauko da Ummi, yana laluba ta ko'ina, ko ƙwarzane babu. Na ga Marsel yana waiwayen karyarsa, hannunsa kuma ba halin ya ɗaga. Tun da aka haife ni ban taɓa taɓa kare ba. Na kwance ɗankwalina, kaina a buɗe gaban maza shida ko bakwai, na ja jiki na tura mata hanjin ciki da hannuna, da ɗumi, na naɗe cikin na ɗaure. Ta lashi wuyan hannuna. A bayan mota ɗaya aka ɗauke mu ni da ita. Kafin mu kai kwalta ta mutu.

An yi min ɗinki mai yawa, na kwana biyu a asibiti. Da na dawo na tarar da akwatunanmu a ɗaure a bakin ƙofa. Abban Ummi bai iya cin abinci ba, in cokali ya faɗi sai ya zabura. Yaya Binta ta riga ta gyara ɗakin sama, ta ce ko tsinke kada mu tsaya ɗauka, gidan ya ruɓe can. Ya ce da zarar an cire zare za mu tafi.

Matar da ke zuwa wanke min ciwo a gida ta ɗan iya Turanci, kuma duk ƙauyen ba wanda bai san labarinmu ba. Ita ta warware mana. Ta ce al'adarsu ce, in dabba ta faɗi a filin mutum, mafarauta sukan kai masa rabonsa, cinya kuwa ita ce rabon girmamawa. Marsel da kansa ya zaɓa mana, ya zo da sassafe bai so ya tashe ni ba, ya rataye. Bai san ba ma ci ba. Ta ce turbar nan kuma tun kakanninsu aladu ke bi, maharba sukan jira su a hayin rafi, nesa da gidaje. Abin da ya zo gaya mana ke nan.

Washegari Madam Odet ta shigo ba ƙwanƙwasawa, da kaza mai rai a hammatarta da wuƙa a ɗaya hannun. Ta miƙa wa Abban Ummi duka biyun, ta ja yatsa a wuyanta, ta nuna shi, wato ya yanka da kansa yadda muke yi. Ba ta yi murmushi ba. Ta ɗaga zanena ta duba ɗinkin, ta yi tsaki irin nasu, ta ɗauki zannuwan gadon da na jiƙa a bokiti ta tafi da su. Ranar muka ci nama. Ummi ta tsotse ƙashi har ya yi fari.

Na kwana ina juya abin. Da safe na dogara sanda na ce wa Abban Ummi ya ɗauko filaya ya biyo ni. Gangarar ta ɗauke ni lokaci, kowane taku sai na cije leɓe. Na tsaya a kan turbar, inda wayar ta lotsa, baƙin gashi na maƙale a jikinta. Na ce ya yanke daga wannan turke zuwa wancan.

“Zulai, tafiya fa za mu yi. Me ya dame mu da waya?”

Na ce ya yanke dai.

“Ke ce kika ce ko shinge ko Birmingham. Hannuna bai warke ba har yanzu.”

“Na ce. Shingen ne muka yi shi a inda ba namu ba. A zagaye tsakar gida kawai, a bar musu hanyarsu.”

Ya ce yarinyar nan saura ƙiris, ni kuma ga ƙafata. Ya ce ba zai iya sake ganin abin da ya gani ba yana nesa yana zamewa a taɓo. Idonsa ya kawo ruwa, ya juya baya. Na bari ya gama.

“Abban Ummi, dabbar nan ba Ummi take nema ba, rafi take nema. Tana da ranarta, tana da hanyarta, har ƙaho ake busa mana kafin ta zo. Wannan na iya shi. Wanda ba shi da rana ne ban iya ba.”

Ya gyara riƙon filayar. Sannan ya ce zai yanke, amma akwatuna ba za a kwance su ba sai mun ga Lahadi. In ko kare ɗaya ya shigo tsakar gida, Litinin muna hanya. Na ce na yarda. Ya yanke, muka naɗe wayar, ya ja ta sama. Kwana uku yana kafa turaku kewaye da ƙofar gida da rumbun itace, ina zaune a kujera ina ba da umarni. Rana ta biyu Marsel ya zo da babbar guduma, ya kama bugawa.

Lahadi ta zo da ruwa. Na rufe ƙofa, na zauna a taga ta sama da Ummi a cinyata, Abban Ummi yana tsaye a bayanmu, hannunsa a kafaɗata yana matsawa bai sani ba. Aka busa ƙaho. Muka jira har wutar murhu ta kusa mutuwa, ba wanda ya tashi ya ƙara itace. Can sai ga aladun, uwa da 'ya'yanta da suka tasa, sun fito daga daji a jere. Na ƙanƙame Ummi. Suka gangara kan turbar, suka bi ta kafar da muka buɗe, suka faɗa rafi suka haye, ko waiwayen gidan ba su yi ba. Karnuka suka bi bayansu, ƙararrawarsu na raguwa. Harbin da muka ji daga can hayi ne, kamar ana fasa itace a wani gari.

Ummi ta ce sanyi take ji. Rigunanta masu kauri duk suna cikin babban akwati. Na sauka da sandata, na durƙusa da ƙyar, na buɗe na ciro mata ɗaya. Abban Ummi yana tsaye a kan matakala yana kallona. Na ciro ta biyu, na ciro tukunyata da ke ƙasa, na miƙa masa na ce ya ɗora ruwa.